Ikram Ba Ta Cikin Taswira

Ƴan uwa, ku yi haƙuri da shirun da na yi sati biyu. Na ga saƙonninku, har da mai tambayar ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. Ba a ɗaura ba. Amma tun jiya na kasa zama wuri ɗaya, har Sakina ƙanwata ta ce ko cinnaka ne ya shige mani zane. Ku gyara zama, yau sai na juye maku duka.

Ga waɗanda suka shigo kwanan nan: sunana Nabila, ina Tasawa gidan iyayena tun da Allah Ya yi wa mijina Sirajo rasuwa, shekara uku ke nan. Ya bar mani ɗiya ɗaya, Ikram, shekararta biyar. Kun ga yadda sunan ya fito sumul? A waya ne kawai. Da bakina ban taɓa faɗinsa ba. Ƴar fari ce, kun kuwa san yadda muke da ɗan fari. In zan kira ta sai in ce "ke", in magana ta kama a gaban mutane in ce "Ƴar Inna". Ita ma Tanti take ce mani, kamar wata ƙanwar uwa, mahaifiyata ce Innarta. In ta faɗi ta ƙuje gwiwa, sai in tsaya ina kallon bango har Inna ta zo ta ɗauke ta. Amma ni ke duba kanta duk Juma'a, ni ke ajiye katin allurarta cikin leda a ƙasan akwati, ni kuma na fara gane takalminta ya matse ta tun ba ta fara ɗingishi ba.

Aikina kuwa, wata ƙungiya ce ta manoma ta ɗauke ni. Ina hawa kabu-kabu zuwa ƙauyukan Korgom da manyan takardu a nannaɗe da gwangwanin kireyo, wato fensiran zane kala-kala, ina koya wa iyalai taswirar gida. Takarda uku ce. A ta farko ku zana gidanku da gonarku yadda suke yau, har katangar da ta zube. A ta biyu ku zana yadda kuke son su zama bayan shekara biyar. Ta uku layi-layi ce: mi za a yi, wa zai yi, yaushe, mi kuma zai iya hanawa. Doka ta farko, wadda nake maimaitawa har matan ƙauye suna kwaikwayon muryata, ita ce duk wanda zai ci daga tukunyar gidan sai ya riƙe kireyo. Tsohuwa, yaro, amarya, kowa. In maigida ya zana shi kaɗai, ba taswira ba ce, mafarkinsa ne kawai.

A wurin horon wannan aiki a Mayahi na haɗu da Hamza. Manomi ne daga wani ƙauye na yankin Sarkin Hausa. Ya taɓa aure bai daɗe ba suka rabu, babu rabo, yanzu daga shi sai mahaifiyarsa Iya Barira. Dogo ne, mai sanyin magana, kuma in aka taɓo zancen itatuwan gonarsa sai ka tashi ka bar shi bai gama ba. Madam Taswira yake ce mani. Wata bakwai ke nan yana keto yashi a kan moto, wato babur, duk sati biyu, ya iso zaurenmu gashin idonsa fari fat, ya ajiye ƙullin magarya ko ƙwan zabi, ya yi ta murmushi kamar an ba shi kujerar Makka. Manya sun shiga maganar, an ce bayan an kai amfanin gona gida.

To ga inda gizo ke saƙa. Baffa Rabo, yayan marigayi, da ke Hawandawaki, ya faɗa tun ranar sadakar arba'in: muddin ina gidanmu, yarinya tana hannuna. Ranar da na yi aure kuwa za ta koma gidan ubanta, sai fa in sabon mijin ya tako da ƙafarsa ya roƙi riƙonta. Ba mugu ba ne Baffa Rabo, amma in ya faɗi magana ba ya lanƙwasa ta.

Inna ta hana a gaya wa Hamza. Ta ce ba kowane namiji ke son agola ba, kuma mai neman bazawara in aka fara jibga masa kaya tun a zaure, ba a ƙara jin ƙarar motonsa. A ɗaura tukuna, in ji ta, sauran Allah Ya san yadda zai yi. Ni kuma da wane baki zan ce masa ina son ɗiyata? Wata bakwai ina jira ya tambaya. Yana kawo mata alawa, yana ce mata hajiya ƙarama, amma ko sau ɗaya bai ce ina za ta zauna ba.

Ranar Talatar waccan, ina tsakar gida ina tsince zogale, waya ta yi ƙara, saƙon Hamza ne.

"Madam, na gama aikin gida. A duba a ba ni maki."

Sai hoto. Taswirarsa ce ta shekara biyar. Wallahi don murna na ture faifan na buɗa hoton da yatsu biyu. Ya zana gonar da itatuwan gawo da ya bari suka tsiro ta hanyar sassabin zamani, kowanne da inuwarsa. Rumbu biyu maimakon ɗaya. Lambun zogale a bayan gida, awaki a turke, fano na hasken rana a kan rufi. Ga sabon ɗaki mai rufin kwano da ƙofa shuɗiya, don na taɓa ce masa ina son shuɗi. Na yi ta dariya ni kaɗai. Sannan na gangaro ƙasa inda ya jera mutanen gidan.

Shi da hularsa. Iya da sanda. Wata mata da takarda nannaɗe a hammata, ni ke nan. Jariri a bayanta. Wani ɗan mitsitsi riƙe da zanenta.

Na ƙara buɗa hoton. Na duba bayan rumbu, na duba gindin kowane gawo, har cikin awakin na duba. Bayan shekara biyar Ikram za ta kai goma, doguwa za ta yi kamar ubanta. Babu ta. Ya tuna da akuya mai ciki, ya tuna da kalar ƙofa, har ƴaƴan da ba a haifa ba ya ba su wuri. Ita da take raye, tana can bakin randa tana wanke ƴar tsanarta, babu ta.

Sakina ta leƙo ta kafaɗata ta ce kai, angon ma har ya haifa maki biyu ba ki sani ba. Da ta ga fuskata sai ta haɗiye sauran. Ta karɓi wayar ta duba, ta miƙo mani, ta ɗauki faifan zogalen ta ci gaba da tsincewa.

Ban yi kuka ba, kada ku ce. Na shiga ɗaki na zauna bakin gado na tambayi kaina: da a Korgom ne wani maigida ya kawo mani wannan takarda, mi zan ce masa? Nan take na san amsar. Na ɗauki waya.

"Takardarka ba ta karɓu ba."

"Subhanallahi. Kala ce ba ta yi ba?"

"Wa ya riƙe kireyo?"

Ya daɗe yana rubutawa yana gogewa, ina ganin alamar. Can ya turo: "Ni."

"Doka ta farko fa?"

Sai ga saƙon murya, yana dariya har da tari. Ya ce an kama shi, malama ta yi gaskiya, ya ji kunya. Na rubuta masa cewa in yana son maki, ya zo da sabuwar takarda da duk wanda zai ci daga tukunyar. Ya ce dama Iya na son zuwa Tasawa ganin likita saboda gwiwarta, zai biyo da ita ta gaida Inna.

Jiya ke nan suka zo.

Tun da safe gidan ya kacame. Inna ta sa aka share tsakar gida sau biyu, aka yayyafa ruwa, aka shimfiɗa babbar tabarma mai ja da kore a gindin dalbejiya. An dama fura da nono mai kauri a sabuwar ƙwarya, Sakina ta turara dambun zogale. Ni na sa atamfata ruwan zuma mai zanen ganye, wadda na ɗinka da ƙaramar Salla ban sa ba, da mayafi ruwan madara, lallen da aka yi mani shekaranjiya ya kama baƙi wuluk. Na canja ɗankunne sau uku. Ikram kuwa Inna ta yi mata wanka, ta sa mata rigarta mai fulawa, ta ba ta soyayyar gyaɗa a murfin kwano, ta kai ta ƙuryar ɗaki ta ce kada ta fito sai baƙi sun tafi. Ina gani. Na kau da kai.

Iya Barira ƴar guntuwar tsohuwa ce mai kaifin ido, ta shigo tana ɗingisawa tana sa albarka tun daga zaure. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, kaina a sunkuye. Ta kama haɓata ta ɗaga ta ce bari ta ga wadda ta sa ɗanta ya ƙare esansin Mayahi, wato man fetur, da sintiri. Hamza aka yi masa izini ya shigo, ya cire takalmi tun daga nesa, ya rakuɓe a can gefen tabarma kamar mai laifi, farar shaddarsa duk ta yi jirwaye da ƙurar hanya.

Bayan an sha fura an yi ta gaishe-gaishe, ya warware takardun. Ya zo da tsohuwar da sabuwa fara. Iya ta jawo tsohuwar ta ƙura mata ido, ta sa yatsa a kan hotonta.

"Wagga mai sanda wace ce?"

"Ke ce, Iya."

"Ka taɓa ganina da sanda? Gwiwa ce ke ciwo, yau likita ya ba ni magani. Kuma don mi ka kai ɗakina kusa da awaki? Ni da su wa ya haife ka?"

Sakina ta ruga bayan ɗaki da dariya. Har Inna sai da ta rufe baki da mayafi. Iya ta karɓi jan kireyo, ta riƙe shi a dunƙule kamar muciya, ta zana ɗakinta a sabuwar takarda, gabas, inda rana ke fara faɗowa, da bishiyar lalle a ƙofa. Ta zana kanta a tsaye ƙyam. Hamza ya mayar da gonarsa da rumbunansa. Sannan ya turo mani gwangwanin ta kan tabarma, ba tare da ya ɗago ido ba, ya ce saura Madam.

Na ɗauki kore. Ƴan uwa, na tsaya gaban maza arba'in a dandalin ƙauye na yi magana muryata ba ta girgiza ba. Amma jiya daban ne. Ga uwata, ga wadda za ta zama surukata, ga shi. Na dubi farar takardar. Na san in na zana ƙofa shuɗiya na ajiye kireyon nan, shi ke nan, an gama taswira, bayan girbi moto zai ɗauke ni zuwa arewa, amalanke ya ɗauki ɗiyata zuwa kudu.

Na ce, "Akwai wanda bai riƙe kireyo ba."

Hamza ya waiga ya dubi Inna, yana zaton ita nake nufi. Inna ta gane. Ta zuba mani ido tana girgiza kai a hankali, irin girgizawar da ke nufin za mu haɗu in baƙi sun tafi.

Na juya wajen ƙofar ɗaki. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Na sake.

"Ikram."

Ashe haka sunan yake a baki. Shekara biyar ina jin sa a bakin kowa, ban san yana da nauyi haka ba.

Labule ya motsa. Ta fito da murfin kwanonta, bakinta duk gishirin gyaɗa. Ta dubi Inna, ta dubi Sakina da ta dawo ta daskare a tsaye, tana neman wanda ya kira ta. Sannan ta dube ni.

"Tanti, ke ce?"

"Ni ce. Zo ki zauna nan."

Na nuna mata cinyata. Ta yi jim, don ba ta saba ba a gaban mutane, sannan ta zo ta zauna a ɗofane kamar baƙuwa.

Inna ta yi salati a hankali. Ta ce wa Iya ta yi haƙuri, ƴaƴan lakwal ne, boko ya wanke masu ido, ita ba haka ta rene ni ba. Ni dai kaina na ƙasa, amma hannuna na zagaye da cikin yarinyar, kuma na riga na san ba zan sake ta ba. Tunda na riga na tsallaka, sai na ƙarasa. Na faɗi sharaɗin Baffa Rabo kaf, ban rage komai ba.

Hamza ya gyara zama. Da ya yi magana, ba ni ya fuskanta ba, Inna ya fuskanta. Ya ce wallahi bai san da wannan sharaɗi ba. Ya ce tun zuwansa na biyu ya tambayi Inna zancen yarinyar, ta ce masa ɗiyarta ce, tana nan wurinta. Ni kuma wata bakwai bai taɓa jin na ambace ta ba ko da wasa. Sai ya ɗauka an riga an ba kaka, kamar yadda ake yi da ƴar fari, ya ga in ya buɗe baki ya nema kamar ya zo raba tsohuwa da abin da ke ɗebe mata kewa ne. Ya ce da ya zo zana mutanen gida sai da ya ɗora kireyo a wurin, ya ɗage.

Kun ji fa. Ni ina kunya, shi yana kunya, Inna na tsoro, yarinya kuwa saura kaɗan ta faɗa ramin da ke tsakaninmu.

Iya Barira ce ta karɓi zancen. Ta ce ita ma Hamza ba shi ne na farinta ba. Akwai wata, daga aurenta na farko, da aka karɓe ranar da aka kai ta gidan uban Hamza. Ta ce ba ta yi gardama ba, don ba a yi, kuma har yau in suka haɗu wurin biki gaisuwar baƙi suke yi. Ta zaro shuɗin kireyo daga gwangwani ta miƙa wa Ikram.

"Ke kishiya, zo ki nuna mani inda za ki kwana, kada ki ce za ki shige mani ɗaki."

Ikram ta dube ni, na gyaɗa kai. Ta kwanta rub da ciki a kan tabarma, harshe waje, ta zana kanta. Ta fi ɗakin tsawo, ta fi gawo tsawo, hannuwanta sun kai wannan gefe da wancan. Ta zana akuya ɗaya ta ce tata ce, ba ta kowa ba. Sannan ta ɗago ta tambayi Hamza ina lakwal, makarantar da za ta shiga. Ya nuna mata can gefen takarda ya ce tana bayan gona, tafiyar da ba ta kai a gaji ba. Ta ja layi tun daga ƙafarta har can, ya karkace ya bi ta tsakiyar rumbu. Ya ce ba komai, za a matsar da rumbun.

Wayyo ni. Ban san lokacin da na fara dariya hawaye na zuba ba. Sakina na ta ɗaukar hoto.

Da aka zo takarda ta uku, ni na riƙe bik, wato biro, don nan ne aikina. Layin farko ba rumbu ba ne, ba ƙofa ba ce. Mi za a yi: roƙon riƙon Ikram. Wa zai yi: Hamza da kawunsa. Yaushe: Hamza ya ce Juma'ar nan, su yi sallah a Hawandawaki. Mi zai iya hanawa: na rubuta Baffa Rabo, na ja layi a ƙasa.

Inna, da tun ɗazu ta juya mana gefe tana kaɗa ƙuda daga ƙwaryar fura, ta ce ba tare da ta waigo ba, "Ƙara sunana a wajen masu zuwa."

Na ɗago.

"Mi kike kallona? Ni na yi jinyar ƙaninsa wata huɗu a ɗakin can. In Rabo zai ce a'a, ya faɗa a idona. Ke kuma mara kunya, zancenmu bai ƙare ba."

Na rubuta sunanta da manyan baƙaƙe.

Sun tafi bayan azahar, suka bar mani takardun, Iya a bayan moto tana riƙe da ƙullin dambu, tana ce wa Ikram ta kula mata da akuya. Na dawo ina naɗe tabarma ina waƙa, abin da rabona da yi tun Sirajo na da rai. Ashe Sakina, uwar rawar kai, ta ɗora hoton a status: Ikram kwance kan takarda, Hamza na nuna mata hanyar lakwal. Ta manta matar Baffa Rabo na da lambarta.

La'asar sakaliya saƙon murya ya shigo wayata. Daƙiƙa goma sha tara. Sai da na yi bisimilla na danna.

"Nabila, Rabo ne. Na ga hoto. Ki ce ma yaron nan kada ya wahalar da kansa zuwa Hawandawaki. Ni zan zo Tasawa ranar Alhamis. Takardar nan da aka sa ɗiyar ƙanina a ciki ba a tambaye ni ba, a ajiye mani ita, ina so in gani da idona."

Na saurara sau biyar. Babu faɗa a muryar, babu kuma dariya. Inna ta ce fushi ne, Sakina ta ce son gani ne, Hamza ya rubuto cewa ko Laraba ce shi yana nan tafe. Ni ban sani ba. Abin da na sani, mutumin nan ya yi gaskiya a abu ɗaya: ba a ba shi kireyo ba. Na juye gwangwanin na zaɓi wanda ya fi tsawo, na fere shi da reza har ya yi tsini, na ajiye a kan takardar.

Ina cikin haka na ji motsi a bakin ƙofa. Tana tsaye, rabin jikinta a bayan labule, yatsunta duk shuɗi.

"Tanti, ƙara kirana in ji."

Na kira. Ta ce in ƙara. Na ƙara, da ƙarfi wannan karon, har Inna ta jiyo daga madafa ta yi tsaki. Gara bakina ya saba, don jibi a gaban Baffa Rabo zan faɗe shi.